Garin da Na Daka Ya Kai Ni Kumasi

Shugaban sashenmu ya kira ni maƙaryaciya a gaban ɗalibai goma sha ɗaya, kuma ban yafe masa ba. Na fara da wannan ne saboda tun da na dawo matan Unguwar Dosa suka hana ni sakat: yaya Kumasi, me suke ci, wai da gaske ɗan 'yar'uwa ke cin gado a bar ɗan cikin mutum? Kowace ta ɗauka yawon buɗe ido na je. To ga shi na rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in huta. Ba yawo na je ba, sunana na je wankewa.

Ni Rakiya, sai da na haifi 'ya'ya biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da shara na fara a makarantar kimiyyar da nake aiki, na koma wankin kwalabe a ɗakin gwaji, ina zuwa makarantar yamma, har na ci jarrabawa aka ba ni farar riga. Dakta Yusufu, wanda sa'an ƙanina ne kuma Mama yake kirana, shi ya ɗora ni a kan bincikensa.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Akwai wani ruwa da ake samu daga rake ko rogo, itanol, irin wanda ake goge fata da shi a asibiti kafin allura. Ana haɗa shi da ruwa a dafa su zama tururi, a tura tururin cikin bututun gilashi da ke kwance a tanderun lantarki. A cikin bututun akwai wata tsakuwa mai ƙarfen nikel, ana ce mata katalis. Dillaliya ce: tana haɗa ciniki tsakanin itanol da tururi, ita ba ta saya ba ta sayar ba, sai iskar haidurojin ta fito ta ɗaya bakin, iska mai ci da wuta. Dakta yakan ce wata rana ita za ta raba mu da wuni a layin mai. Nawa aikin shi ne auna sauri. In kai zafi digiri ɗari huɗu, in danna agogo, in bi kumfar sabulu da ido tana hawa cikin gilashin awo, in rubuta. In ƙara zafi, in sake. Da waɗannan lambobin Dakta ke zana layi a takarda, layin ke nuna yadda ƙarin zafi ke ƙara wa aikin gudu.

Wata bakwai ina wannan, yau an ɗauke wuta, gobe ana yajin aiki. Layina ya fito a miƙe kamar hawan dutse. Sai aka ba wani ɗalibi mai suna Bala ya maimaita, nasa ya fito a kishingiɗe, tsayuwarsa rabin tawa. Nauyin katalis ɗaya, zafi ɗaya, itanol ɗaya. Shugaban sashe ya ɗaga littafina da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera.

Ya ce, "Wannan a kan gado aka zauna aka ƙirƙira. Dama me ake tsammani in an ba 'yar yaƙi da jahilci agogo?"

Ya ce kwamiti zai zauna bayan hutu, in abin ya tabbata in ajiye musu farar riga.

Dakta yana da abokiyar karatu a wata jami'a a Kumasi ta ƙasar Gana, Dakta Akosua, tana da na'ura irin tamu. Ta yarda a aiko mata da tsakuwar ta gwada, a ga wa ya yi daidai. Sau biyu aka aika ta gidan waya, shiru. Shi kuma Dakta matarsa ta kusa sauka, ba ya iya yin nisa. Na ce a ba ni in kai da hannuna.

Da na gaya wa Malam, maigidana, a shagonsa na ɗinki a Abakpa, sai da ya tsayar da keke.

"Ke da iyakar tafiyarki Zariya?"

Na ce, "Da can iyakar karatuna ma sifiri ne, Malam."

Ya yarda, da sharaɗin in bi yayarsa Hajiya Yelwa, wadda ta shekara ashirin tana fataucin goro a wannan hanya. Yau shekara ashirin da shida da aurena, har yanzu Amarya take kirana, don dai ta ba ni haushi. Dakta ya ba ni kwalbar tsakuwa da wasiƙa mai hatimi. Ni kuma na cusa wani gwangwani a ƙasan jaka wanda ban gaya wa kowa ba. Za ku ji labarinsa a kan iyaka.

Daga tashar Mando muka tashi. Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, shingen sojoji kuwa na ƙirga har na gaji. Wani mai tallan magani ya miƙe a tsakiyar mota da kwalba ɗaya, wai tana warkar da basir, shawara, ciwon baya da mantuwa. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, mutum nawa ka gwada a kansu, kwana nawa suka yi suka warke?" Mota ta ɗauka da dariya. Yaya Yelwa ta mintsine ni a cinya.

"Amarya, nan ba makaranta ba ce. Ki bar bawan Allah ya ci abincinsa."

Muka kwana a Agege wajen 'yan goro, da safe muka nufi kan iyaka a Seme. Nan ne mai kaza a aljihu ta ji an ce as. Jami'in da ya buɗe jakata Basakkwace ne, dogo. Ya karanta wasiƙar Dakta, ya girgiza kwalbar tsakuwa, ya ajiye. Sai hannunsa ya kai ga gwangwani. Ya buɗe, ga gari mai laushi, toka-toka da ɗan kore.

"Hajiya, mi na wanga? Takarda ta ce tsakuwa, wanga ko gari na."

Kun san yadda ake kallon ɗan Najeriya da gari a gwangwani a zamanin nan. Yaya Yelwa ta yi farat ta ce ai maganin sanyi ne. Na ce ba maganin sanyi ba ne, ni ba zan taso daga Kaduna don wanke kaina daga ƙarya in zo nan in yi wata ba. Mutumin ya tsoma yatsa zai kai baki. Ban san lokacin da na buge hannunsa ba.

Yaya tana salati ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ɗana, guba ce. Ka ɗaure ni in ka so, amma ba zan tsaya ina kallo ka lasa ba."

Na ɗauki tsakuwa ɗaya daga kwalba, na aza a kan siminti, na murƙushe ta da kwaɗon jakar Yaya. Launi ɗaya. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya wanke hannu, ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa dukansa don a cece shi ba. Yaya ta miƙa masa goro fari guda biyu, muka wuce.

A motar Kwatano Yaya ta juyo. "To, 'yar boko. Me ya sa takarda ba ta san da garin ba?"

Sai na faɗa mata abin da ban faɗa wa ko Malam ba. A watan farko na aikin, na fasa bututun gilashin. Na yi garaje na zuba masa ruwa bai gama hucewa ba, ya tsage gida biyu. Daga waje aka kawo shi, kuma shi kenan guda. Na ji tsoro a ce dama an faɗa, mai shara mai shara ce. Na binciko wani siriri a sito, sai tsakuwar ta ƙi shiga, don kowace ta kai ƙwayar gurjiya. Na je kasuwa na sayi sabon ƙaramin turmi da rariya, na ɗaure hanci da gyale a bayan ɗakin gwaji, na daka, na tankaɗe, na auna nauyin da Dakta ya ce, na ɗura. Bututun a rufe yake cikin tanderu, ba mai gani. Kafin Bala ya fara nasa, an kawo sabon babban bututu cikin sabbin kayan sashe, na mayar na ja bakina. A ganina dutse dutse ne, ko an daka shi. Ragowar garin na ɗauko saboda da shi na yi aiki, zuciyata ta ƙi barinsa a gida.

Yaya Yelwa ta gutsuri goro, ta tauna a hankali.

"Kin fasa kin ɓoye. Kin daka kin ɓoye. Sannan kike hura mana hanci an ce miki maƙaryaciya?"

"Lambobina gaskiya ne, Yaya!"

"Ban ce ba. Ni ma in na sayar da huhu, goron saman gaskiya ne."

Ban sake yi mata magana ba har Lome.

Abin da na gani a Kwatano ya ƙara mini takaici. Man fetur ɗinmu, wanda muke wuni a layi dominsa a Kaduna, ga shi a manyan kwalabe a bakin titi, ba layi, ba soja da bulala. Mata na tuƙa babur da jariri a baya, ba mai waiwayarsu. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. A Aflawo, kan iyakar Gana, aka sake buɗe jaka, amma wannan karon na riga na sa gwangwanin a sama, na yi bayani kafin a tambaye ni. Muka ratsa Ankara, babban birnin ƙasar, muka isa Kumasi ƙafafuna sun kumbura kamar doya.

A Zango muka sauka, gidan wani dattijo, Alhaji Baba, mai saukar da 'yan goro. Kakansa daga Kano ya zo da jakuna, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba, amma ya zaunar da ni yana tambaya ko ganuwa na nan, ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Na ce ni Bakaduniya ce, sau ɗaya na je Kano. Ya kalle ni da tausayi kamar na ce masa ni marainiya ce. Ɗakin da aka ba mu rabinsa huhunan goro ne, ƙamshin ɗanyen ganye har cikin mafarki.

Abinci kuwa, shinkafa da wakensu ja ce, a ganye ake zubawa, kuma na yarda ta fi tamu. Dokunu yana da tsami kamar kamu ya kwana uku. Fufu aka ce ba a taunawa, sai dai a haɗiye, na tauna, 'yan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na sa ludayi a miya na ɗago dodon koɗi ya kai tafin hannu, na mayar da shi da girmamawa.

Ran Asabar na yi abin kunya. Na ga an toshe titi da rumfuna, ana kiɗa, mata cikin ja da baƙi suna rawa. Na tare wata na yi mata barka da biki, Allah ya ba da zaman lafiya. Yaya ta fizgo ni.

"Makoki ne, Amarya! Uwarta ce ta mutu."

Mu da ake rasuwa da hantsi a rufe kafin azahar, su sai gawa ta yi makonni ana shiri. Na fara cewa wannan wane irin al'amari ne, sai na hangi wata tsohuwa tana rawa, hawaye na zuba har haɓa, ba ta share ba, ba ta fasa rawar ba. Kowa da inda yake ajiye kukansa.

Ran Litinin na je jami'ar. Dakta Akosua gajeriya ce, furfura ta fara, da silifa a ƙafa, na tarar tana wanke kwalabenta da kanta. Ban taɓa ganin Dakta da soso a hannu ba. Ta zaunar da ni, ta kawo ruwa a kofi, ta tsaya sai da na sha. Sannan ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ai Dakta Yusufu ya rubuto mata. Ta ce ta sani, amma al'adarsu ce: baƙo ya sha ruwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi da bakinsa, daga farko, ko da mai gida ya riga ya ji. Da Turancina na makarantar yamma da taimakon hannu na ba ta labari. Na tsallake bututu, na tsallake turmi.

Kwana biyu muna gwada tsakuwar kwalba. Ni ta ba agogo, ta ce tana son ganin hannuna. Wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Ran Talata da la'asar ta zana layi, ya fito a kishingiɗe, sak na Bala.

Ta dafa kafaɗata kawai. Na fita bayan ginin na yi salla a gindin wata bishiya, na zauna a kan sallaya. Na tuna 'yata Sadiya da ta shiga ajin kimiyya don ta ga uwarta da farar riga. Na tuna huhun goron Yaya. Na tashi na koma, na ajiye gwangwani a kan teburinta.

Na ce, "Dakta, ki sake ba ni ruwa. Ban gama faɗin abin da ya kawo ni ba."

Ta dube ni, ta je ta ɗebo. Na sha, na faɗa mata duka. Ba ta yi dariya ba. Tambayarta ta farko ita ce ko na rufe hancina, ta biyu ko turmin ya taɓa shiga madafi. Na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce to gobe da safe.

Wasu kwana biyun muka yi da garin. Tun a zafi na uku na ga kumfa na gudu irin gudun da na sani. Da ta zana layin, ta ɗora takardar a kan tawa ta Kaduna, ta ɗaga su ga taga. Layi biyu suka zama ɗaya.

Ta ɗauki tsakuwa guda ta fasa, ta nuna mini. Ta ce cikinta duk 'yan ramuka ne da ido ba ya gani, a cikinsu ake cinikin. In zafi ya yi yawa, tururi na isa bakin tsakuwar ake cinye shi, kafin ya kutsa tsakiya aiki ya wuce. Ko ka ƙara wuta, tsakiyar na zaune ba ta samun komai. Wanda ya auna da babbar tsakuwa, rabin abin da ya auna wahalar shiga ce, shi ya sa layinsa ke kishingiɗa. In an daka kuwa, ko'ina baki ne.

Na ce, "Kamar daddawa. In kin jefa ta dunƙule, miya ta nuna cikinta bai jiƙa ba."

Sai da na yi mata bayanin daddawa, ta ce su ma suna da ita, ta buga tebur ta ce haka ne. Ta ce Bala bai yi ƙarya ba, ya auna abin da ke gabansa. Amma abin da Dakta Yusufu ke nema tun farko, wato saurin aikin kansa, ni na auna shi, ban sani ba.

Na fara washe baki. Ta ɗauko littafina, ta miƙo mini.

"Nuna mini shafin da kika rubuta kin daka."

Na buɗe shafuka, babu shi.

"Wace rariya? Ramukanta yaya girmansu? Wane bututu? Wata bakwai kin rubuta har ranar da aka ɗauke wuta da mintin da aka dawo da ita, amma abin da ya fi komai kika bari a cikinki. Yaron nan ya ɓata watanninsa yana bin littafin da bai gaya masa hanya ba. Lambobinki ba su yi ƙarya ba. Littafinki ya yi."

Rabon da a yi mini faɗa in kasa ramawa tun ina gidan ubana. Na so in ce ita ba ta san yadda ake kallon mai shara ba, amma matar da na tarar da soso a hannu ba a gaya mata haka. Ta rubuta wasiƙa ga Dakta Yusufu da sakamakon gwaji biyun. Ta ce ba ta sa maganar fasa bututu ba, wannan tawa ce, in faɗa ko in bari. Ta ba ni kyautar rariya biyu na tagulla masu lamba a gefe, ta ce a tankaɗe da ta sama, a tare da ta ƙasa, abin da ya tsaya a tsakani shi ne girman da za a rubuta. Ta rako ni har bakin titi tana riƙe da jakata.

Da na ba Yaya Yelwa labari a ɗakin goro, cewa ta yi, "To, Amarya, kin ci rabi kin faɗi rabi. Ai ya fi na wasu." Ta ɓare goro ta ba ni babban ɓarin. A wajenta wannan lambar girma ce.

Dawowa ba ta da labari, sai dai motar ta lalace a Mokwa muka wuni muna cin rake. Mun shigo Kaduna ran Lahadi da yamma. Bayan magariba na gaya wa Malam komai. Ya ce tunda matar ba ta rubuta maganar bututu ba, Allah ya rufa asiri, in miƙa wasiƙa in yi shiru.

Na ce, "Shirun nan ne ya kai ni Kumasi, Malam. Ba ni da ƙafar komawa."

Washegari na riga masu shara isa makaranta. Na buɗe ɗakin gwaji, na janyo tsohon zanen da na naɗe fasasshen bututun a ciki daga bayan kabad. Na buɗe littafina a shafin farko, na rubuta da jan biro: na fasa babban bututu, na sa ƙarami, na daka katalis a turmi, na tankaɗe da rariyar gari, ban rubuta a lokacin ba saboda tsoro. Na sa hannu. Na nemi Bala na ba shi haƙuri, na ba Dakta Yusufu wasiƙarsa. Sannan na sa farar rigata, na ɗora turmi a ka, rariya da bututu a hannu, na hau bene zuwa ofishin shugaban sashe. Na yi sallama, na jera masa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga laifina na kawo maka, ban rage ko ƙwaya ba, ka kai wa kwamiti. Wannan kuma wasiƙar Kumasi ce. In ka gama karantawa, a kira mini ɗaliban nan goma sha ɗaya. A gabansu ka faɗa, a gabansu za ka janye."

Na ja kujera na zauna.